Randar da Yahuza ya ƙi cikawa

Akwai wani mutum a ƙasar Damargu, a wani ƙauye da ke gefen kwarin Tarka, ana ce masa Yahuza. Abin ya kai shekara ɗari yanzu, wajen lokacin da Nasara suka ɗauke mazaunin gwamna daga Damagaram suka mai da shi Yamai. A lokacin mota sai dai labari. In ba ka da raƙumi, ƙafarka ce abin hawanka.

To, Allah Ya ba Yahuza ƙafa. Dogo ne siriri, in ya saki tafiya ba ya waiwaye. 'Yan ƙauye suka sa masa Barewa, sunan kuwa ya shige masa kai ya yi zaune. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Aibinsa ɗaya: duk wanda bai kai shi sauri ba malalaci ne a wurinsa, duk aikin da ba zai matsar da shi gaba ba kuma ɓata lokaci ne.

Wata shekara, rani ya yi nisa, shi da abokansa biyu suka ɗora gero a jakuna suka haura Agadas a ƙasa, suka musanyo gishiri da dabino. Babbansu Hamidu ne, gajere kakkaura, mai magana a hankali da tafiya a hankali. Shi ke riƙe da guga da doguwar igiyar tafiyar. Na ukunsu Lawali ne, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a hawan tudu.

Yahuza ya bar matarsa Balki ciki ya fara tsufa. Sun taɓa samun ɗa shekarun baya, amma bai kai kwana bakwai ba ya koma, ko suna ba a raɗa masa ba. Tun daga nan shiru. Saboda haka babu abin da Yahuza yake so a duniya kamar ya tsaya a ƙofar gidansa ranar suna, ya ji liman ya faɗi sunan ɗansa da kunnensa, mutane su riƙa miƙo masa hannu suna barka. Da wannan buri ya tafi Agadas, da shi kuma yake dawowa.

Sun kwashe kwanaki suna gangarowa cikin zafin bazara. Ranar Lahadi da almuru suka iso Rijiyar Aduwa, zango na ƙarshe kafin gida. Daga nan zuwa ƙauyensu tafiyar yini guda ce cur, ba ruwa a tsakani.

Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba ba zai gane ba. In ka leƙa, ruwan can ƙasa kake hango shi, ɗan ƙyalli kawai. Ba a barin igiya a bakin irin wannan rijiya, domin igiya dukiya ce. Kowa da tasa yake zuwa, ya tafi da abarsa.

Shi ya sa magabata suka binne randa a gindin aduwar da ke gefen rijiyar, suka rufe bakinta da faffaɗan dutse. Dokarta ɗaya ce, ba sarki ya kafa ta ba, ba kuma kumandan na Nasara ba: duk wanda ya zo da igiya, ba ya ɗaga zango sai ya cika randar, saboda wanda zai zo ba shi da ita.

A wannan almurun babu mai ƙarfin jan guga a cikinsu. Hamidu ya ɗaga dutsen, suka tarar da randar cike, ruwan ya kwanta, sanyi ƙalau. Suka sha, suka yi alwala, suka yi wa wanda ya cika addu'a, ba su ma san ko wane ne ba.

Da gari ya waye suka haɗu su uku suka jawo ruwa, suka shayar da jakuna, suka cika salkunansu. Hamidu ya bi jakunan ɗaya bayan ɗaya yana duba gadon bayansu. Mangala ta goge biyu har jini ya fito.

Ya ce, "Yau ba inda za mu. Dabba ta huta, mutum ya huta. Gobe da asuba mu kama hanya."

Yahuza ya buɗe baki zai yi gardama, Lawali ya riga shi. "Barewa, ka yi wa Allah ka zauna. Ko barewar daji tana kwanciya ta yi tuƙa."

Yahuza ya yi tsaki, amma ya zauna. Gaskiya shi ma ƙafafunsa sun fara yi masa magana.

Hutu ya yi daɗi ranar, ba ƙarya. Inuwar aduwa ba ta da kauri, amma ga wanda ya kwashe kwanaki rana na dukan ƙeyarsa, soro ce. Suka shimfiɗa buzaye, suka tuɓe takalma, kowa ya ciro hantsakinsa daga wuya ya shiga cirar ƙayar karangiya. Wadda ta shige inda hannu ba ya kaiwa, ɗan'uwa ya cire maka. Lawali ya miƙa wa Yahuza ƙafarsa, yana ihu tun kafin hantsaki ya taɓa shi.

"A hankali, Barewa! Ƙafa ce, ba gona ba ce da za ka yi mini noma."

"Wannan ai ba ƙafa ba ce, kofato ne," in ji Yahuza. "Bari in kira maƙeri."

Suka shafe faso da man shanu. Hamidu ya dama gumba, ya marmasa cuku a ciki, ya watsa dabino. Suka sha har ciki ya ɗaga. Daga nan Lawali ya tona ramukan dara a cikin rairayi, shi ya ɗauki tsinke, ya ba Yahuza busasshen kashin raƙumi, wai kowa da abin da ya dace da shi. Suka yi ta bugawa. Duk lokacin da Yahuza ya juya ya kori ƙuda, sai ya tarar ɗan dararsa guda ya yi ɓatan dabo, Lawali kuma yana kallon sama yana tasbihi. Har Hamidu, da ba a cika ganin haƙoransa ba, sai da ya yi dariya.

Shi Hamidu hutunsa da aiki a hannu yake yi. Ya rataye salkunan nan uku a reshen aduwa, ya koma gefe yana ɗinkin takalmi yana satar kallonsu. Haka matafiya ke yi ranar hutu: a cika salka a rataye, a ga wadda za ta ci amana. Kafin hantsi ya ɗaga, ƙasan biyu a bushe yake. Ƙarƙashin ta Yahuza kuwa rairayi ya yi duhu.

"Yahuza, salkarka tana yoyo," in ji Hamidu. "Ƙaya ta huda ta a ɗinkin gindi. Juye ruwan in ɗinke maka, mu shafe ta da mai ta kwana."

Yahuza ya ɗago daga kan dara ya dube ta. "Yaya Hamidu, gumi take yi. Salkar da ba ta gumi ai ba ta sanyaya ruwa."

"Gumi ba ya ɗiga."

"To, bari mu gama wannan wasan."

Ba su gama ba. Rana na tsaka sai ga wani Buzu a kan raƙumi ya ɓullo daga kudu. Aghali ne, sun san shi, yakan sayi gero a ƙauyensu. Ya gurfanar da raƙuminsa, aka yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, aka tambayi gida da dabbobi da gajiya, aka miƙa masa sauran gumba. Sai da ya sha ya goge baki, ya gyara amawalin rawaninsa, sannan ya dubi Yahuza.

"Kai ne mijin Balki ko? To, kawo goron albishir. Ranar Alhamis ta sauka. Namiji. Da ita da shi lafiya lau, na ji kukansa da kunnena ta bayan dangarku. Suna Alhamis mai zuwa."

Yahuza ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Lawali ya rungume shi yana buɗa irin ta mata, har jakuna suka ɗaga kunne. Hamidu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, Allah Ya raya. Yahuza ya kwance jakar dabinonsa ya zuba wa Aghali har ya ce ya isa.

Amma daga wannan lokacin hutu ya ƙare a wurin Yahuza. Murna ce fal cikinsa, tsoro kuma yana ƙarƙashinta, don ya tuna na farkon da bai kai bakwai ba. Aghali ya huta kaɗan ya hau ya nufi arewa, shi kuwa Yahuza ya kasa zama. Ya je wajen jakuna ya dawo. Ya ɗauki takalmi ya ajiye.

Can ya ciro farar rigarsa daga cikin kaya, wadda yake so ya sa ranar suna. Gumin jaki ya ɓata mata gefe. Ya dubi ruwan rijiya da ya rage a ƙwarya, ja-ja ne, in ya wanke da shi sai ta fi da lalacewa. Sai ya tafi gindin aduwa ya ɗaga dutsen randa. Ruwan da ke ciki ya kwana ya kwanta, garau. Ya yi ta kamfata yana wanki yana ɗauraya, har ƙwarya ta fara kartar gindin randar.

Hamidu yana kallonsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba laifi. Dama da la'asar za mu cika ta."

La'asar ta yi, rana ta ɗan karya. Hamidu ya warware igiya ya ce, "To, bisimilla. A zo a biya randa haƙƙinta."

Yahuza kuwa ya riga ya ɗaura takalmi, ya naɗe farar rigar, ya sauko da salkarsa ya saɓa a baya.

"Ni na tafi. Zan bi yanke ta cikin jigawa. In na taka yanzu, hantsin gobe ina gida. Ku taho mini da jakina."

Lawali ya ce, "Yau Litinin, Barewa. Suna sai Alhamis. Gobe da yamma dukkanmu muna gida. Saurin me kake, ko kai za ka ba shi nono?"

"Ina so in gan shi."

Su duka sun san abin da ke bayan wannan maganar. Sai Hamidu ya ce a hankali, "Na ji ka, ƙanena. Amma yanke a bazara ba hanya ba ce, iska tana share sawu. Ga salkarka ba a ɗinke ba. In kuma ka rantse sai ka tafi, to, kama igiya mu cika randa tukun. Mu uku ba za mu daɗe ba."

"In na tsaya jan ruwa, rana ta faɗi ban taka ko'ina ba. Makiyaya duk sun tashi daga nan. Wa zai biyo a wannan zafin? In ɓata ƙarfina saboda mutumin da ban sani ba, wanda wataƙila ma babu shi?"

"Wanda ya cika mana jiya, ya san mu?"

"Wannan shi ya ga dama. Ku da ba ku da abin yi, ku cika. Ai ranar hutu ce, ga aiki kun samu."

Lawali ya tafa hannu. "Kun ji fa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kai da ka wanke riga da ruwan bayin Allah!"

Yahuza ya juya baya. Ya ɗaga musu sanda, ya saki ƙafar nan tasa. Kafin a jima ya zama ɗan ɗigo a kan tudu, sannan ya ɓace.

Aikin mutum uku ya koma kan biyu. Jakunan bayansu ciwo, Hamidu ya ce ba za a ɗaura musu igiya ba. Saboda haka ɗaya ya saɓa igiya a kafaɗa ya yi ta tafiya da ita har guga ya iso baki, ɗaya ya tara ya kai randa, sai su yi musanya. Igiyar kaba ce, tana cin hannu.

Da randa ta kai rabi Lawali ya zauna a ƙasa yana hura tafin hannunsa. "Yaya Hamidu, rabi ma ai sadaka ce. Wallahi hannuna ya zama kilishi."

"Rabi muka tarar?"

"A'a."

"To, tashi."

Lawali ya tashi yana zagin Barewa da duk dangin barewa. Sai da ruwa ya taɓo wuyan randa Hamidu ya mai da dutsen, ya toshe gefensa da rairayi saboda ƙwari. Da asubar Talata suka ɗaure kaya, suka naɗe igiyarsu, suka kama babbar hanya. A ransu Yahuza ya kusa gida.

Shi kuwa Yahuza ya yi tafiya irin wadda ake ba da labari. Yana cikin tafiya ya ji bayansa ya yi sanyi, har ya gode wa Allah da Ya kawo iska. Bai tsaya ya taɓa ba. Da dare ya yi nisa ya ɗan kwanta, sai da gari ya waye ya jawo salka zai jiƙa maƙogwaro, ya tarar ta lafe kamar tsumma. Sanyin da ya yi ta jin daɗinsa ruwansa ne ke bin gadon bayansa yana zuba a ƙasa. Abin da ya rage bai fi kurɓi biyu ba.

Ya duba gaba. Tudun da ya sani da alama bai gan shi ba, tuddan duk sun zama iri ɗaya. Cikin duhu ya karkace bai sani ba, kuma bai san ko gabas ya yi yawa ko yamma ba. Nan ne tsoro ya kama shi na gaske. Abu guda ya rage da ya tabbata da shi: sawun ƙafarsa a bayansa, tun iska ba ta tashi ba. Ya juya ya bi shi.

Sauri ya haifi nawa. Hanyar da ya ci da gudu cikin sanyi, yanzu ya dawo ta da jan ƙafa cikin rana. Takalmi ɗaya ya tsinke, rairayi ya ƙona masa tafin ƙafa. Harshensa ya kumbura. Barewa ya koma yana faɗuwa yana tashi, abin da ke riƙe da shi kawai begen ko abokansa sun makara ba su tashi ba.

Bayan azahar ya hango aduwar. Babu jaki, babu mutum. Ga tokar wutarsu, ga ramukan dara da ba su gama ba, kashin raƙuminsa na nan a inda ya bar shi.

Ya rarrafa bakin rijiya ya leƙa. Ga ruwa can yana ƙyalli. Ya warware rawaninsa, ya ciro farar rigar nan ta suna, ya yayyaga ta da haƙori, ya ƙulla da rawani, ya ƙulla da mazagin wando, ya ɗaura 'yar ƙwaryarsa ya zura. Ƙwaryar ta tsaya tana lilo a cikin duhu, ko kusa da ruwa ba ta je ba.

Randa kuwa bai ko kalle ta ba. Shi ya kwashe ta da hannunsa, ya kuma san mutum biyu ba za su kashe kansu a kan abin da shi ya ƙi ba. Da shi ne, da bai yi ba. Ya ja jiki zuwa gindin aduwa don kawai ya mutu a inuwa. Ya yi shahada, ya tuna Balki, ya tuna yaron da bai gani ba, ya ce ashe wannan karon uban ne ba zai kai bakwai ba.

Yana kwanciya kuncinsa ya taɓa dutsen. Ya ji shi da sanyi.

Ya daɗe kafin ya iya ture shi. Da ya leƙa, fuskarsa ya gani, kusa, ruwa har wuya.

Ya sha kaɗan kaɗan kamar yadda aka koya wa kowane ɗan Damargu, yana sha yana kuka. Kunya ta fi ƙishirwar ciwo. Mutumin da ya ce wataƙila ma babu shi, ga shi nan kwance, shi ne.

Tafiya dai ba ta yiwuwa. Ƙafa ta sale, salka ta mutu, ba abin da zai ɗauki ruwan yini guda a ciki. Ya zauna gindin randa yana jira. Ranar Laraba da hantsi wata tsohuwa Bafillatana ta biyo da 'yarta mai goyo, suna bin sawun garkensu da ya yi gaba, ba guga ba igiya. Suka sha, suka cika gorunansu, tsohuwar ta ba shi ɗan dunƙulen fura, ta yi wa wanda ya cika randa addu'a. Ta ɗauka shi ne.

Can ƙauye kuwa, da Hamidu da Lawali suka isa ranar Talata da yamma aka ce ba a ga Yahuza ba, gida ya rikice. Da asuba Lawali ya ɗebi samari suka shiga jigawa ta bakin yanke. Hamidu ya ce shi rijiya zai koma, in Yahuza yana da sauran hankali can zai nufa. Ya ɗauki jaki ɗaya da salka cike, ya ɗauki igiyarsa, ya sake taka hanyar da ya tako jiya.

La'asar sakaliya ya iso. Ya ga mutum zaune a gindin aduwa, ba riga, leɓe duk ya fashe. Hamidu bai yi masa faɗa ba, bai ce na gaya maka ba. Ya durƙusa ya riƙe kansa ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ba shi gumba, ya ɗaure masa ƙafa da tsumman farar rigar.

"Yaron fa?" in ji Yahuza.

"Yana nan, yana tsotso kamar ɗan maraƙi. Tashi ka hau jaki. Ruwan da na zo da shi ya ishe mu. In mun kama hanya yanzu ba mu tsaya ba, za mu shiga gari kafin a yanka rago."

Yahuza ya dafa aduwa ya miƙe. Ya kai hannu ga jaki, sai ya tsaya. Ya juya ya leƙa randa. Tsakanin shansa, da wankin ciwonsa, da gorunan Fulanin nan, ruwan ya koma can gindi.

"Yaya Hamidu, ka zo da igiya?"

Hamidu ya gane. Ya ce, "Na zo da ita. Amma ka ji, ƙanena. Ni na gaji, kai ba ka da ƙarfi, jakin nan in ya ja ruwa ba zai ɗauke ka ba. In muka tsaya cika randa, ka rasa sunan nan. Bari, ni zan dawo bayan suna in cika ta, na yi maka alkawari."

"Wanda zai iso gobe da azahar fa?"

Hamidu ya dubi randar.

"Na san yadda zai iso," in ji Yahuza. "Na san inda zai faɗi. Warware igiyar."

Suka ja. Yahuza ba ya iya takawa da igiya a kafaɗa, sai ya zauna a bakin rijiya ya tokare da ƙafa mai ciwo, yana ja da hannu, Hamidu yana taya shi yana kai wa randa. Kowane guga sai sun huta. Igiya ta ci tafin hannunsa ta saɓule fata, bai saki ba. Rana ta faɗi suna ja. Da ruwa ya kai wuya, Yahuza da kansa ya mai da dutsen ya toshe gefen da rairayi, sannan ya kife a wurin. Dole suka jira ƙarfinsu ya dawo kafin su tashi.

Ranar Alhamis, rana ta take tsaka suka shiga ƙauye, Barewa a kan jaki, Hamidu mai tafiyar hawainiya yana ja masa akala. Ƙofar gidan Yahuza an riga an naɗe tabarmi. Fatar rago tana shanye a kan danga. Liman ya tafi, wanzami ya tafi, 'yan barka sun watse. Wansa Manzo ne ya tsaya a madadinsa, bayan an jira har rana ta yi zafi.

Lawali, da suka dawo daga jigawa hannu wofi, ya rugo ya rungume shi yana kuka yana dariya. "Mamman aka sa masa, sunan babanku. Ka ga ka yi saurin banza, ɗan banza!"

Yahuza ya tsaya a ƙofar gidan nan da ya yi shekaru yana mafarkin tsayawa. Ba kowa sai kaji suna tsattsagar ƙasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai ɓoye ba.

Ya shiga ɗaki. Balki na zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura, jariri a cinyarta an yi masa aski.

"Maigida, kowa ya zo sai kai," ta ce. "Hamidu ya tafi tun jiya da asuba. An ce in ya same ka a rijiya za ku iso kafin a raɗa. Na yi ta sauraren ƙofa. Me ya tsare ku?"

Ya ce, "Randa muka cika."

Balki 'yar Damargu ce, ba ta bukaci ƙarin bayani ba. Ta kamo hannayensa ta juya su, ta ga tafin da igiya ta saɓule. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauki Mamman ta ɗora masa a cikinsu.

Darasi: Alherin da kake ganin za ka yi wa baƙon da ba ka sani ba, sau da yawa kanka kake ajiye wa. Kada gaggawa ta sa ka sha a inda wani ya cika, ka tafi ka bar wurin wayam, don ba ka san wa zai dawo da ƙishirwa ba. In labarin nan ya taɓa ka, kada ya tsaya a wayarka: tura wa abokan tafiyarka da 'yan'uwa, ka cika randar kai ma.